Uwar Biyu da Na'urar da Ke Mutuwa da La'asar

Uwar Biyu gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, kuma ba ta iya doguwar gaisuwa ba. In ka ce mata ina kwana, za ta ce lafiya, ta tsaya tana kallonka ko akwai wata magana. A layinsu an san ta da tagwayenta mata da baƙar jakar da take goyawa kamar 'yar makaranta, amma ba kowa ya san sana'arta ba. Wasu su ce gyaran waya take yi, wasu su ce buga takardu. Manhaja take rubutawa, kuma ba irin ta shafin intanet ba, irin wadda ke zaune a cikin na'ura tana magana da ƙarfen kai tsaye. A wannan aikin babu mai share maka bayanka. Duk abin da manhaja za ta yi, sai ka aro mata wuri a ƙwaƙwalwar na'ura da hannunka, in ta gama ka mayar da hannunka. Wanda aka ara ba a mayar ba, shi masu sana'ar ke kira yoyo. Ba ya kashe na'ura nan take. Ci yake kaɗan-kaɗan har wuri ya ƙare, sai ka ga abu ya sandare a hannunka kamar ba shi ne ke aiki da safe ba.

Tun tana ƙarama ba ta da haƙuri da mai ɓata mata aiki. A sakandare ta taɓa fasa wa wani hanci don ya zare wayar kwamfutar da take aiki a kai, aka kore ta, ta dawo ta zauna a kujerar da ta bari. Uwarta ta sha cewa wannan sai dai a ajiye ta a gida, ba mai ɗauka. Sai ga shi wanda ya ɗauke ta ya fi kowa sanyi. Dogo ne siriri, yana sayar da tikiti a babbar tashar mota, cikin wani kejin ƙarfe mai taga ɗaya. Kowa Mai Tikiti yake ce masa, ita kuma Baban Biyu. Mutumin da ko kaza ta shiga ɗakinsa sai ya ba ta haƙuri kafin ya kore ta.

Ofishinsu ɗaki biyu ne a saman shagon masu facin taya. Fanka mai ƙara, tebur guda cike da na'urorin gwaji da aka liƙe da salatif, wayoyi a ƙasa kamar an zubar da hanji. Mai wurin Injiniya ake ce masa. Ya iya aiki, wannan ba a hana shi ba, shi ya kafa wurin da hannunsa. Amma hannun nan ba ya zama. Abin da ke kusa da shi, shi zai jefa: caja, kofi, abin huda takarda, takalmin wani ma in ya samu. Babba da furfura a gemu, yana jifan ma'aikata kamar mai korar awaki daga lambu.

Akwai wani inji a kwamfuta da ke haɗa rubutunsu ya zama manhaja, suna ce masa kwamfaila. In ka yi babban kuskure, ya nuna maka ja, ya ƙi haɗawa. In kuwa wani abu kawai ya gani da bai kwanta masa ba, ya nuna maka rawaya, wato gargaɗi, ya haɗa duk da haka. To Injiniya ba ya son ganin rawaya. Ya ce ƙazanta ce, ya ce lalaci ne. Kowace safiya sai ya zaga bayan kujeru, wanda aka samu rawaya a allonsa ya sha ranƙwashi ko abin da ya fi ranƙwashi. Akwai wani ma'aikaci da suke kira Sanƙo, magidanci da 'ya'yansa, wanda har yau yana da tabo a saman gira daga abin huda takarda. Ranar da aka ɗinke masa girar nan, ya dawo ya saka wani ɗan umarni a fayil ɗin da kowa ke haɗa aiki da shi, umarnin da ke cewa kwamfaila ya yi shiru da bakinsa. Daga ranar rawaya ta ɓace a ofishin. Injiniya ya ce yanzu aka fara aiki. Kowa ya sani, kowa ya ja bakinsa, har da Uwar Biyu. Da shekaru suka ja, aka manta ma da an taɓa yi.

Abu na biyu da ba a taɓawa shi ne fayil ɗin Injiniya. Shi ne na farko da ya rubuta lokacin da ya buɗe wurin, kuma kowace manhaja da ta fita daga ɗakin nan da shi take farawa. A ciki ya jera abin da suke kira makaro: gajeren suna ne da kake sa wa dogon umarni, duk inda ka rubuta sunan, kwamfaila ya cire shi ya dasa umarnin. Ɗaya daga ciki, mai haruffa uku, shi ne ke mayar da wurin da aka aro. Ana iya zagin uban Injiniya a tsira, amma ba a buɗe fayil ɗin nan da niyyar gyara.

Su suka rubuta manhajar na'urorin tikiti na tashar. Da aka fara raba su, Mai Tikiti ya dawo gida yana dariya, ya ce yanzu duk yini hannun matarsa yake riƙe. Ta ce ya riƙe da kyau, kada ya zuba mata shayi. Abin ya tafi lafiya har aka canza musu firintar da ke jikin na'urar, aka kawo sabuwa mai buga hoton lamba a kan tikiti. Masu ƙera firintar suka haɗo da nasu fayilolin, aka ɗora a cikin manhaja, kwamfaila bai ce uffan ba, aka tura wa tasha.

Daga nan na'urorin suka fara mutuwa da la'asar. Da safe garau. Da azahar su fara jan ƙafa. Daidai lokacin da masu komawa gida suka cika tasha, sai allo ya daskare. Kuma in ta mutu a haka, ba kashewa da kunnawa ba ne kawai. Sai an nemo shugaban tasha ya buɗe ta, sai ta jawo komai daga babban ofis, kuma kujerun da ta sayar ba ta aika ba sun bi iska, a sake sayar wa wasu. Ba tikiti, ba shiga mota. Mutum ya wuni a rana da kaya a kai da yaro a baya, yana kallon mota ba kowa a ciki, an ce masa na'ura ta tsaya.

Ranar da abin ya faɗo kan Mai Tikiti, mutum biyu ne suka zo tagarsa da tikitin kujera ɗaya, kowanne yana cewa ya cuce shi. Yana ba su haƙuri, na'urar ta sake sandarewa. Layi ya rushe. Aka fara dukan keji da tafin hannu, sannan da duwatsu. Direbobi na danna oda, 'yan kamasho na ihun a fito da shi ya yi bayani. Shi kuma da sanyinsa sai ya buɗe ƙofa, wai zai yi bayanin. Ko kalma ɗaya bai gama ba aka fizgo shi da wuyan riga. Wani ya ɗauke shi da mari, wani ya tokare shi a baya ya kifa. Suka hau shi da ƙafa. Wani ƙato ya zo da sifanar taya ya sauke masa a baki. Waɗanda suka ɗauko shi sun ce sai da suka tsince haƙoransa a kan siminti, suka ƙulle masa a gefen rigarsa, kamar abin da za a mayar.

Aka kawo shi gida daga asibiti leɓe a ɗinke, fuska kamar ba tasa ba. Tagwayen suka gan shi suka ruga bayan ƙofa suna kuka. Inna, mahaifiyarsa, da ke zaune da su, ta tsaya a tsakar ɗaki ta nuna Uwar Biyu da yatsa.

"Ke kika ƙera abin nan ko ba ke ba?"

"Mu muka rubuta, Inna."

"Ban tambaye ki mu ba. Kullum kin goya jaka kin fita, ashe abin da zai zubar wa ɗana haƙora kike haɗawa. Matan mutane na dafa wa mazansu abinci, ke kina dafa masa duka."

Uwar Biyu, wadda ba a taɓa faɗa mata ɗaya ba ta mayar da biyu ba, ta sunkuyar da kai. Ta jiƙa tsumma tana goge masa jinin da ya bushe a wuya. Da Inna ta fita, ta ce masa ba zai koma kejin nan ba.

Da ƙyar maganar ke fita. "Zan koma. Da an cire zaren."

"Su ƙarasa ka?"

"In ban koma ba wani za a saka. Shi ma da baki gare shi."

Ta san shi. Sanyinsa irin na dutse ne, ba ya ƙona ka, ba ya kuma matsawa. Saboda haka abin da ya rage mata guda ne: kafin ya sake zama a bayan tagar nan, na'urar ta daina mutuwa.

Washegari ta tari Injiniya tun a matakala. Ta ce yoyo ne, duk alamunsa sun nuna.

"Manhajata ba ta yoyo, Madam," in ji shi. "Jahilai ne, suna barin na'ura a rana, suna danna ta da hannun mai."

"Mijina ne jahilin?"

"Ban kira sunan kowa ba. Allah ya ba shi lafiya. Ki je ki yi aikin da na sa ki."

Ba ta yi aikin da ya sa ta ba. Ta ɗauki na'urar gwaji guda, ta jona ta da kwamfutarta, ta sa ta buga tikitin ƙarya ba tsayawa. A gefen allo ta buɗe lambar da ke nuna yawan wurin da aka ara. Tikiti ya fita, lamba ta hau. Wani ya fita, ta ƙara hawa. Ba ta sauka ko sau ɗaya. Ta kira Sanƙo ya gani.

"Anti, wannan ai ba yoyo ba ne, famfo aka bari a buɗe."

"To zo ka nuna mini famfon."

Nan fa aka tsaya. Ta bi rubutun layi-layi, yatsa a kan allo, tana gunaguni kamar mai faɗa da wani. Duk inda aka aro wuri don hoton tikiti, ga makaron Injiniya a ƙasa yana mayarwa. Ta bi ta hanyar da aka fasa sayen tikiti, ta bi ta hanyar da takarda ta ƙare, ta bi ta hanyar da intanet ya yanke. Ko'ina an ara, an mayar. A rubuce babu laifi, a na'ura lamba na hawa. Ta zargi ɓangaren da ita ta rubuta, ta warware shi gaba ɗaya ta sake, lamba ta hau. Ta zargi na Sanƙo, suka kusa ɓatawa, lamba ta hau. Kwanaki suka tafi a haka. A gida tana dama masa abin da zai sha da tsinken roba, tana kallon kumburin na sauka, kuma wallahi saukar kumburin nan tsoro take ba ta, don kowace safiya ya fi jiya kusa da keji.

Aka cire zaren. Da safen da ya sa rigar aikinsa, ta tsaya a bakin ƙofa ta tare hanya. Ya ɗaga ta da hannu biyu ya ajiye a gefe kamar tulu.

"Injiniyata, kina da har la'asar," ya ce, iska na fita ta gurbin haƙoransa.

"Kada ka buɗe ƙofar nan ko me aka yi. Ka ji ni, Baban Biyu? Ko wuta suka sa."

Ta isa ofis Injiniya bai zo ba. Ta zauna ta dubi rubutun da ta riga ta haddace, sai ta ce a ranta, wannan abin da ni na rubuta ne, ba lallai shi na'ura ke karɓa ba. Ta umarci kwamfaila kada ya haɗa komai, ya nuna mata rubutun kawai bayan ya cire gajerun sunaye ya dasa abin da ke ƙarƙashinsu. Ta gangara har inda ya kamata a mayar da wurin hoton. Babu mayarwa. Wani umarni ne na daban zaune a wurin, mai ce wa firinta ta saki takarda.

Ta buɗe fayilolin masu firinta. Ga shi nan: su ma suna da makaro mai haruffa ukun nan, iri ɗaya sak da na Injiniya, amma nasu aikinsa sakin takarda. Da yake nasu ne ke shigowa daga baya, ya danne nasa. Tun ranar da aka canza firinta, kowane tikiti ya ari wuri, ya ce wa firinta ta saki takardar da ta riga ta saki, ya wuce abinsa.

"Sanƙo. Zo."

Ya leƙo, ya karanta, ya dafe tabon girarsa. "Innalillahi."

Ba ta tsaya jiran kowa ba. Nasu na masu firinta ba a iya canza shi, firintar ba za ta yi aiki ba. Ta buɗe fayil ɗin Injiniya. Sanƙo ya ja da baya kamar ta buɗe ramin maciji. Ta canza wa makaronsa suna, ta ba shi dogo wanda ba zai yi karo da na kowa ba, ta bi duk inda aka kira shi ta gyara. Ta haɗa, ta ɗora a na'urar gwaji, ta sake ta da tikitin ƙarya. Lamba ta hau, ta sauka. Ta hau, ta sauka. Takarda ta taru a ƙasa har ta rufe mata ƙafa, lambar na nan inda take.

Da ta tsaya nan, da wataƙila an rabu lafiya. Amma abu ɗaya ya tsaya mata a wuya: suna biyu sun yi karo, kwamfaila ba makaho ba ne, me ya hana shi faɗa? Tana tambayar kanta, amsar na zuwa. Ta nemo ɗan umarnin nan na Sanƙo, ta goge shi, ta sake haɗa tsohuwar manhajar. Rawaya ta zubo a allo kamar an fasa madatsa, tana gudu ba ta ƙarewa. A cikinta, ga shi ƙarara: an sake bai wa wannan suna wata ma'ana.

"Anti, don girman Allah rufe. Ga takunsa a matakala."

Ba ta rufe ba.

Injiniya ya tsaya a bayanta. Ranar sai bayan azahar ya shigo.

"Wace ƙazanta ce wannan?"

"Ba ta yau ba ce, Oga. Ta shekaru ce. Ga wadda ta zubar wa mijina haƙora." Ta ɗora yatsa a kan layin.

Ya karanta. Ya iya aiki, na faɗa, bai buƙaci a yi masa bayani ba. Sai dai maimakon ya tambayi yadda za a kai gyara tasha, sai ya tambayi wanda ya rufe wa kwamfaila baki. Ya bi fuskoki da ido har ya tsaya a kan Sanƙo, wanda gumi ya riga ya tona masa asiri. Ya fizgi cajar kwamfuta, mai ƙaton kan nan, ya kaɗa ta da wayarta ya sauke masa a tsakar kai. Sanƙo ya durƙusa. Ya ƙara masa a kafaɗa, ya ƙara a kunne. Jini ya gangaro kan rigar bawan Allah, yana kare kansa da hannu yana cewa, "Oga, yi haƙuri, Oga."

Uwar Biyu ta miƙe. "Ka bar shi! Shi ya danna, amma hannunka ne ya rufe bakin. Ka mai da gargaɗi abin duka, wa zai bar shi ya fito? Na gyara. Ka ba da izini a tura wa tasha yanzu, kafin la'asar."

"Kin gyara a ina?"

Ya duba da kansa. Ya ga fayil ɗinsa a buɗe, ya ga sabon sunan.

"Fayil ɗina kika taɓa?"

"Na taɓa."

"Ba abin da zai fita daga ɗakin nan. Nawa ya riga nasu, su za su canza. Zan rubuta musu."

"Mijina na cikin keji yanzu haka."

"Ya kulle ƙofa."

Ta miƙa hannu za ta zare wayar na'urar gwajin daga kwamfuta. Ya kama murfin kwamfutar ya rufe shi a kan hannunta na dama, ya danna da duk nauyinsa. Kowa a ɗakin ya ji ƙarar, ƙas, kamar an karya busasshen kara. Ta yi ƙara guda ɗaya. Hannunta na hagu ya lalubi tebur ya samu tsohuwar firinta, wadda aka cire aka ajiye. Ta ɗaga ta ta maka masa a kan hanci. Ya saki murfin ya tafi da baya, ya haɗu da teburin gwaji, shi da na'urori da wayoyi suka zube tare. Ya tashi zaune jini na bin gemunsa, yana ihun ta bar masa ofis, ta kori kanta, zai sa a kama ta.

"Ka san gidana," ta ce.

Ta zare na'urar gwajin da hagu, ta jefa a jaka, ta sauka. Yatsu biyu sun karkace sun kalli inda ba a kallo. Ta tare mai babur, ta ce tasha, kuma in ya tsaya wa danja shi da Allah.

Rana ta karkata sa'ad da suka isa. Tun daga ƙofa ta ji irin hayaniyar, ba ta ciniki ba ce, ta mutanen da haƙurinsu ya kusa ƙarewa ce. Layin tagar mijinta ya kai har wurin masu wankin mota, kuma ba ya motsi sai da ƙyar. Ta kutsa. Aka ɗauka tsallake layi take yi.

"Ke, gajeruwa! Mu da muka wuni a nan bayi ne?"

Wata mata ta kama jakar ta ja. Uwar Biyu ta juya ta rungume jakar a ƙirji, wani ya sakar mata gwiwar hannu a ido. Ta ci gaba. Wani ya damƙi hannun nan na dama don ya mayar da ita baya, duniya ta yi mata fari fat. Ta sa kai ta tunkuye shi a haɓa, ya saki. Wani ɗan kamasho ya zaro bel yana zabga wa jama'a wai yana gyara layi, ya same ta a wuya da bakin ƙarfen. Ta faɗi a gwiwa, aka taka mata mayafi, ta bar musu shi, ta rarrafa ta tsakanin ƙafafu har ta dafa ƙarfen keji.

"Baban Biyu! Buɗe!"

"Kin ce ko wuta aka sa..."

"Buɗe, don ubanka!"

Bai taɓa jin ta zage shi ba. Ya buɗe, ya jawo ta, ya mayar da sakata kafin hannayen da suka biyo ta su shigo. Ya ga idonta, ya ga yatsun, ya buɗe baki.

"Ba yanzu ba. Na'urarka tana numfashi?"

"Da ƙyar. Tikiti ɗaya sai na yi salati uku."

"Rufe ta tun tana da rai, ta aika kujerun. Ka shiga wannan ta cikin jakata da lambarka."

Rufewar nan ta ɗauki lokacin da ya ishi a rushe kejin. Mutane suka ga ya daina sayarwa, duwatsu suka fara sauka a kan rufin kwano. Wani ya zuro sanda ta taga yana zungura, ta kama sandar da hagu ta taka ta da ƙafa. Tsohuwar na'urar ta gama aikawa ta mutu. Ya shiga sabuwar, ya danna. Tikiti ya fito tsaf. Ya miƙa, ya danna, wani ya fito. Dutse na ƙarshe ya faɗo shi kaɗai, kamar mai jin kunya.

Ba a jima ba ihu ya tashi a keji na gaba. Na'urar can ta sandare. Mai wannan tagar dattijo ne mai tabarau, sun gan shi ta tsakanin ƙarafa ya maƙale a lungu, ana girgiza kejinsa kamar za a tumɓuke shi. Mai Tikiti ya kai hannu kan sakata. Ta riƙe masa wando.

"In ka fita na rantse sai na karya maka ƙafa da kaina."

Ya dube ta. Sai ya saki sakatar, ya kafa bakinsa mara haƙora a taga, ya yi ihun da ba ta san yana da shi ba.

"Ku bar shi! Ku zo nan! Duk inda za ku, ku zo nan, ni zan ba ku!"

Suka juyo gaba ɗaya. Layi biyu suka zama tudu ɗaya a jikin kejinsa, ƙarfe na kuka, hannaye sun cika taga har haske ya ɗauke. Uwar Biyu ta zame ta zauna a ƙasa, bayanta a jikin ƙofa, ƙafafunta a tokare da bango. A ofis da tikitin ƙarya kawai ta gwada. Yanzu in akwai wani yoyon da ba ta gani ba, a ƙarƙashin rawayar nan da ba ta gama karantawa ba, to ba haƙora za a tsinta ba. Ba ta iya ganin lamba daga nan. Kunne kawai ta kasa wa firinta, tana jin ko za ta fara jan ƙafa.

Ba ta ja ba. Takarda ta ƙare, ya sa wata, ta ƙare, dattijon can ya miƙo tasa ta bayan keji. Motoci suka cika suna fita ɗaya bayan ɗaya. Matar da ta ja mata jaka ta iso taga, ta leƙo ta gan ta a ƙasa, ta karɓi tikitinta ta wuce. Kafin a kira magariba tasha ta yi sarari, sai ledoji da takalmi ɗaya-ɗaya.

Ya rufe na'urar, ya durƙusa ya ɗaga hannunta a hankali. Ya kumbura har wuyan hannu, ya yi baƙi.

"Wa ya yi miki?"

"Wanda na yi wa."

"Aikin fa?"

"Babu."

Ta bi shi da idon da ya rage mata a buɗe, daga kai har ƙafa. Gumi ne kawai da tawadar takarda. Ba jini ko ɗigo.

"Sauran tagogin fa, gobe?" ya ce.

"Gobe zan san yadda zan yi da su. Kai dai ka saurare ni. In saƙo ya zo a allon nan daga ofis yana cewa a sabunta manhaja, kada ka danna. Ko shugaban tasha ne ya tsaya a kanka. Tsohuwar za su mayar maka."

"Ba zan danna ba."

"Sa ta a cikin riga, ba a barinta a nan. Ɗaga ni, ka kai ni a ɗaure mini hannun nan kafin Inna ta gani ta ce kai ma ni na koya maka dambe."